Feshi Bisa Jadawali Ko Feshi Bisa Bincike: Wace Hanya Ta Fi Dacewa Da Gonar Lemo Ta Kasuwanci?

Bishiyar lemo ba kamar amfanin gona na shekara ɗaya take ba, wanda idan ƙwari suka ɓata shi bana manomi zai sake lale baɗi. Wanda ya dasa gonar lemo domin kasuwa yakan jira shekara uku zuwa biyar kafin ya fara tsinkar abin a zo a gani, sannan yana sa ran bishiyoyin su ci gaba da ba shi 'ya'ya shekara ashirin ko talatin, saboda haka duk tsarin da ya zaɓa na yaƙi da ƙwari da cututtuka zai bi shi tsawon wannan lokaci, da alherinsa da sharrinsa. Hanyoyin da manoman lemo suke bi a duniya za a iya kasa su gida huɗu: feshi bisa jadawali, feshi bisa bincike tare da kare ƙwarin da ke cinye masu ɓarna, noma ba tare da magungunan da aka haɗa a masana'anta ba, da kuma rufe bishiyoyi cikin raga. Tsakanin biyun farko ne yawancin manoma suke zaɓi, don haka a kansu zan fi tsayawa.

Kafin a auna hanyoyin, wajibi ne manomi ya san ta wace fuska ƙwaron da yake tsoro yake yin ɓarnarsa. Wasu ƙwarin da bakinsu suke ɓarna: suna tsotsar ruwan ganye, ko su kankare ɓawon lemon, ko su huda shi su zuba ƙwai. A cikinsu akwai ƙwari masu sulke da ke manne wa reshe da ɓawo, da ƙwari masu farin gari da ke ɓuya a wuyan lemon inda ya haɗu da reshe, da darɓa, da ƙananan gizo-gizon da ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girman abu, da tsutsar da ke haƙa hanya a cikin sabon ganye har ta nannaɗe shi. Ɓarnar irin waɗannan tana tafiya ne da yawansu. Bishiya mai lafiya tana iya ɗaukar kaɗan daga cikinsu amfaninta bai ragu ba, kuma akwai iyakar da sai sun wuce ta ne kuɗin feshi yake biyan kansa. Wasu ƙwarin kuwa cizonsu ƙaramin abu ne, cutar da suke ɗauke da ita ce babbar masifa, kamar yadda sauro yake da zazzaɓi. Ƙwaro ɗaya tak daga cikin waɗannan ya isa ya sa wa bishiya cutar da ba ta da magani. Wannan bambanci shi ne ma'aunin da zan riƙa komawa gare shi, domin hanyar da ta yi daidai da rukunin farko tana iya jawo asarar gona gaba ɗaya idan aka ɗora ta a kan rukuni na biyu.

Feshi bisa jadawali

A wannan tsari manomi yakan tsara tun farkon shekara cewa kowane mako biyu ko uku, ko kowane wata, za a fesa magani kaza, ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba. Ba adalci ba ne a raina wannan hanya, domin tana da hujjojinta masu ƙarfi. Tana da sauƙin gudanarwa, musamman a babbar gona inda ma'aikata suke da yawa kuma mai gonar ba ya nan kullum. Ana iya sanin kuɗin magani da na ƙwadago kafin shekara ta kama. Ba ta buƙatar mutumin da ya ƙware wajen bambance ƙwaro mai ɓarna da mai amfani. Kuma a shekarun farko takan ba da lemo mai sumul wanda ke shiga ido a kasuwa. Mai gonar da ya ci bashi ya zuba a ƙasa, wanda barcinsa ba ya yin nauyi sai ya san an fesa wani abu, yana da uzurin da za a fahimta.

Illar tsarin ba ta bayyana da wuri, kuma wannan ne ya sa yake yaudarar mutane. Idan aka dinga jefa wa ƙwari guba iri ɗaya, raunanan cikinsu sukan mutu, masu jurewa su rage su hayayyafa, har a wayi gari maganin da ke share gona a da ya koma kamar ruwa. Tarihin noman lemo cike yake da wannan. A jihar Kalifoniya ta Amurka, jan ƙwaro mai sulke ya fara jure wa hayaƙin gubar sayanayid da ake turara wa bishiyoyi tun farkon ƙarni na 20, sannan a shekarun 1990 ya sake nuna juriya ga magungunan rukunin oganofosfet. A jihar Fulorida kuwa, bayan 'yan shekaru kaɗan ana yawan feshi a kan ƙwaron silid, wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye da ke yaɗa muguwar cutar lemo, masu bincike sun ba da rahoto a 2011 cewa maganin imidacloprid ya fara rasa kaifinsa a kansa. Manomin da ya ga magani ya daina aiki yakan ƙara yawansa ko ya matso da ranakun feshi, kuma wannan ƙari shi ne yake hanzarta juriyar.

Illa ta biyu ta fi ta farko zafi a ganina, domin ita ce take haifar da matsalar da babu ita a da. A kowace gonar lemo akwai rundunar ƙwarin da ke rayuwa a kan cin masu ɓarna, kuma sau da yawa sun fi masu ɓarnar saurin mutuwa idan aka fesa guba mai kashe komai, saboda su suna yawo a fili suna farauta yayin da mai sulke yake lulluɓe ƙarƙashin sulkensa. Labarin da ya fi shahara a nan shi ne na wani ƙwaro mai sulke mai farin auduga, Icerya purchasi, wanda ya kusa durƙusar da noman lemo a Kalifoniya a shekarun 1880. A 1888 wani masanin ƙwari mai suna Albert Koebele ya aiko da wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai ja da baƙi da ake kira bedaliya daga Ostireliya, ƙasar asalin mai ɓarnar, kuma cikin shekara biyu matsalar ta kwanta. Ta ci gaba da kwanciya fiye da shekara hamsin, har sai da aka fara fesa maganin ƙwari na DDT a ƙarshen shekarun 1940, wanda ya kashe bedaliya, sai ga mai farin audugar ya dawo da ƙarfinsa. Hakan ta sake faruwa a ƙarshen shekarun 1990 lokacin da aka shigo da pyriproxyfen, maganin da ke hana ƙwari girma, domin jan mai sulke, ya taɓa bedaliya ma. Irin wannan yana faruwa a ƙananan gonaki kullum ba tare da an rubuta shi a tarihi ba: a fesa maganin rukunin fairitiroyid domin wani ƙwaro, bayan makonni kaɗan gizo-gizo ko masu farin gari su mamaye gonar, manomi ya ɗauka sabuwar annoba ce ta zo, alhali shi ya buɗe mata ƙofa.

Akwai kuma batun ragowar magani a jikin lemon, wanda ya zama ruwan dare a cinikin ƙasa da ƙasa. Tarayyar Turai ta hana fesa imidacloprid da thiamethoxam da clothianidin a fili tun 2018 saboda ƙudan zuma, ta kuma janye amincewarta da chlorpyrifos a 2020 tare da saukar da adadin da ta yarda a samu a jikin 'ya'yan itace zuwa mafi ƙanƙanta. Yawan feshi yana ƙara yiwuwar a kama kaya a bakin iyaka, kuma yana ƙara yawan gubar da ma'aikatan gona ke shaƙa, wanda bai kamata a bar shi a bayan lissafi ba.

Feshi bisa bincike

Wannan tsari yana farawa ne da kallo. Kowane mako, ko aƙalla kowane mako biyu, wani horarren mutum yakan zagaya gonar da madubi mai ƙara girman abu sau goma, ya duba adadin bishiyoyi da aka ƙayyade a kowane ɓangare, ya leƙa sabon toho da bayan ganye da wuyan lemon, ya ƙirga abin da ya manne a tarkuna masu ɗanko masu launin rawaya, sannan ya rubuta duk abin da ya gani, har da ƙwari masu amfani. Ba a ɗauko magani sai ƙidaya ta nuna an kai iyakar da ɓarna za ta fi kuɗin feshi, kuma idan aka ɗauko shi akan zaɓi wanda ya fi takaita ga abin da ake nufi, a fesa shi a ɓangaren da ke da matsala kaɗai, a lokacin da ƙwaron ya fi rauni. Mai sulke, alal misali, yana da ɗan lokaci bayan haihuwa da 'ya'yansa ke rarrafe ba su yi sulke ba tukuna. Feshi a wannan lokaci yana yin aikin da feshi uku ba za su yi ba bayan sulken ya taurara.

Ƙarfin wannan hanya shi ne tana sa gonar ta taimaki kanta. Ɗan ƙaramin zanzaron nan Aphytis melinus, wanda tsawonsa kusan milimita ɗaya ne, an shigo da shi Kalifoniya daga Indiya da Pakistan a shekarun 1950, kuma har yau ana kiwonsa ana saki a gonaki a ƙasashe da dama, domin yana zuba ƙwansa ƙarƙashin sulken jan ƙwaron, tsutsarsa ta cinye shi. Sai dai irin waɗannan mataimaka suna da sharuɗɗansu. Ƙura tana hana su aiki, shi ya sa bishiyoyin gefen hanya suka fi cika da masu sulke. Tururuwa kuma, waɗanda ke shan ruwa mai zaƙi da darɓa da masu farin gari ke fitarwa, suna gadin waɗannan ƙwari suna korar duk mai son cin su. Manoma da yawa sun kashe kuɗi a kan masu farin gari shekara da shekaru, alhali abin da ya kamata su yi shi ne su datse rassan da ke taɓa ƙasa su hana tururuwa hawa gangar bishiyar. Idan masu tsotso suka ragu, baƙar funfunar da ke lulluɓe ganye da lemo saboda wannan ruwa mai zaƙi ita ma takan tafi da kanta.

Magungunan da wannan tsari ya fi dogara da su sun haɗa da man feshi na musamman wanda ke toshe numfashin masu sulke da gizo-gizo, da farar wuta domin gizo-gizon da ke sa ɓawo tsatsa, da bakteriyar Bt domin tsutsotsi masu cin ganye. Kowanne yana da ƙa'idarsa: ba a fesa mai a tsananin zafi ko a kan bishiyar da ke jin ƙishirwa, kuma ba a haɗa shi da farar wuta ko a bi ɗaya da ɗaya cikin makonni kaɗan, domin yin hakan yana ƙona ganye da 'ya'ya. Idan buƙata ta kai ga magani mai ƙarfi, akan sauya shi bisa lambar rukuninsa da ake bugawa a jikin kwalba, wadda ke nuna yadda yake kashe ƙwaro: 1B ga oganofosfet, 3A ga fairitiroyid, 4A ga su imidacloprid, 5 ga spinosad, 6 ga abamectin, 23 ga spirotetramat. Canza sunan kamfani ba canza magani ba ne idan lambar ɗaya ce, kuma wannan kuskure ya yawaita ƙwarai.

Tsadar wannan hanya tana cikin mutane. Mai binciken da ba ya zagayawa da gaske, ko wanda ke cike takarda a inuwa, ya fi rashin mai bincike haɗari, domin yana ba mai gona kwanciyar hankali ta ƙarya. Akwai kuma wahalar shekarun sauyi: gonar da ta daɗe a kan jadawali ta riga ta rasa mataimakanta, kuma idan aka rage feshi ba za su dawo cikin dare ɗaya ba, don haka shekara ɗaya ko biyu na farko lemon zai iya fitowa da tabo fiye da yadda aka saba. Wanda ba shi da haƙurin wannan lokaci yakan koma jadawali daidai lokacin da kwalliya ta kusa biyan kuɗin sabulu.

Inda jira ya zama haɗari

Da a ce ƙwari masu ɓarna da bakinsu kaɗai ake fama da su, da na ce a zaɓi bincike a rufe magana. Amma cutar huanglongbing, wadda aka fi sani da HLB ko girinin, ta sauya lissafin noman lemo a duniya. Bakteriya ce da ke zama a jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa, ƙwaron silid ne ke yaɗa ta, da kuma dashen da aka yi wa aure da reshen bishiya mai cutar. Alamarta ita ce ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya wanda ɓangaren dama da na hagu na ganyen ba su yi daidai ba, saɓanin rashin sinadarin zinki da ke fitowa iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Lemon kuma yakan fito ƙarami, karkatacce, mai ɗaci, da 'ya'yan ciki da suka mutu, ya zube kafin ya nuna. Babu maganin da ke warkar da ita. Abin da ya fi muni shi ne bishiya tana iya yin watanni, wani lokaci fiye da shekara, tana ɗauke da cutar tana kuma yaɗa ta kafin alama ta fito, saboda haka wanda ya jira ya gani da idonsa ya riga ya makara.

An ga ƙwaron silid na Asiya a Fulorida a 1998, aka tabbatar da cutar a 2005. Jihar da ta tsinki akwati miliyan 244 na lemon zaƙi a kakar 1997 zuwa 1998 ta sauko ƙasa da akwati miliyan 20 a kakar 2022 zuwa 2023, kuma ko da yake guguwa da mayar da gonaki gidaje sun taka rawa, cutar ce babban dalili. A jihar Sao Paulo ta Burazil, inda aka gano ta a 2004, an bi matakai uku tare: dashe mai tsabta daga gidajen reno da aka rufe da raga, wanda doka ta riga ta wajabta tun 2003 saboda wata cutar daban, da tumɓuke duk bishiyar da ta kamu, da kuma murƙushe silid a yanki gaba ɗaya. Wannan ya jinkirta cutar shekaru masu yawa fiye da yadda aka gani a Fulorida, inda manoma da dama suka bar bishiyoyi masu cuta a tsaye suna ba su takin ganye. Duk da haka ƙididdigar Fundecitrus, cibiyar binciken lemo ta Burazil, ta nuna kashi 38 cikin ɗari na bishiyoyin yankin lemon na Burazil suna da alamun cutar a 2023, kashi 44 a 2024, kuma cikin dalilan da aka kawo har da juriyar silid ga magungunan da aka yi ta maimaitawa ba sauyi. Darasin yana da fuska biyu: a kan silid ba a jiran iyaka, amma feshi barkatai shi ma yana kai mutum ya baro.

Abin da ya fi dacewa a yankin da cutar take shi ne tsari mai tsauri wanda duk da haka ya ginu a kan sanin halin ƙwaron. Silid ba ya zuba ƙwai sai a kan sabon toho, kuma ya fi taruwa a layukan gefen gona, don haka feshi kafin toho ya ɓarke da kuma ƙarfafa tsaro a gefe sun fi feshin kowane wata ba tare da la'akari da toho ba. Ƙananan bishiyoyi, waɗanda ke yin toho kusan kowane lokaci, su ne suka fi buƙatar kariya mai ɗorewa. Kuma babu manomin da zai ci wannan yaƙi shi kaɗai, domin gona ɗaya da aka yi watsi da ita, ko bishiyoyin lemo na cikin gidaje, sun isa su cika maƙwabta da ƙwari masu cuta. Zanzaron Tamarixia radiata, wanda aka kai tsibirin Reunion a 1978 aka kuma fara saki a Kalifoniya a 2011, yana da amfani sosai a irin wuraren da feshi ba ya kaiwa, amma a gonar kasuwanci ba zai isa shi kaɗai ba. Wanda yake yankin da cutar ba ta shiga ba kada ya saki jiki, domin silid na Asiya ya riga ya bayyana a gabashi da yammacin Afirka a shekarun baya-bayan nan, ga kuma silid na Afirka da ke yaɗa nau'in cutar da ya fi son wurare masu sanyi.

Wuri na biyu da jadawali yake da gaskiya shi ne cututtukan ɓawo da ganye. Maganin tagulla ba ya warkar da tabo, yana zama ne a saman ɓawo ya hana cuta shiga, don haka dole ya riga ta isa. Cutar kanka, wadda bakteriya ke haddasawa kuma ruwan sama mai iska ke watsawa, ta fi kama lemo a watanni uku zuwa huɗu na farko bayan fure ya zube, kuma a wannan lokaci akan maimaita tagulla kusan kowane mako uku saboda lemon yana girma yana fasa lulluɓin. Cutar baƙin tabo ma tana shiga tun lemon yana ƙarami, ba ta nuna kanta sai ya kusa nuna. A nan jadawali ne, amma jadawalin da ke bin fure da ruwan sama, wanda ke tsayawa idan lokacin haɗari ya wuce. Shingen dogayen itatuwa masu karya iska da rage tsutsar ganye, wadda ramukanta ke buɗe wa kanka hanya, suna rage yawan tagullar da ake buƙata, kuma hakan yana da muhimmanci domin tagulla tana taruwa a ƙasa. Tarayyar Turai ta iyakance ta ga kilo 28 a kowace hekta cikin shekara bakwai.

Ƙudan 'ya'yan itace nasu sha'anin daban ne, kuma feshin dukan bishiya shi ne mafi raunin makami a kansu, tun da tsutsar tana cikin lemon inda magani ba ya kaiwa. Abin da ke aiki shi ne tsince duk lemon da ya faɗi aƙalla sau ɗaya a mako a binne shi da zurfi ko a ɗaure shi cikin baƙar leda a rana, da ɗiga abincin tarko mai furotin da aka gauraya da spinosad a ɗan ɓangaren bishiya, da rataya tarkuna masu jan maza. A kula cewa sinadarin methyl eugenol yana jan namijin Bactrocera dorsalis, ƙudan da aka fara gani a Afirka a Kenya a 2003, amma ba shi ne ake sa wa wani nau'in da ake kira ƙudan Bahar Rum ba, wanda nasa abin jan daban ne.

Sauran hanyoyi biyu

Noma ba tare da magungunan masana'anta ba, a zahiri, bincike ne da aka rage wa makamai. Yana da mai, da farar wuta, da tagulla, da Bt, da ruwan 'ya'yan darbejiya, da farar ƙasar kawolin da ke rikita ƙwari, kuma a yankin busasshe da babu HLB yana iya tafiya lafiya idan akwai mai saye da ke biyan ƙari. A yanki mai yawan ruwa da cutar, ba zan ba kowa shawarar ya dogara da shi ba, domin waɗannan magunguna ba sa daɗewa a jikin ganye. Rufewa da raga mai ƙofofi ƙasa da milimita ɗaya kuwa ita ce kariya mafi inganci daga silid, kuma a gidan renon dashe ba abin zaɓi ba ce, wajibi ce. Rufe gona sukutum, kamar yadda wasu ke yi a Fulorida, yana cin jari mai nauyi wanda lemon ci mai tsada kaɗai zai iya mayarwa, iska mai ƙarfi tana yaga ragar, kuma gizo-gizo suna shiga su ji daɗin zafin ciki. Matsakaicin mataki shi ne sa wa kowace ƙaramar bishiya jakar raga tata a shekaru biyu ko uku na farko.

Abin da za a duba kafin a zaɓa

Kasuwa ce ke faɗin yawan tabon da za a iya jurewa. Lemon da za a matse ruwansa ba ya asarar komai saboda ɗan tsatsa ko zane a ɓawo, don haka feshi domin kyan fata ɓarnar kuɗi ce a irin wannan gona. Lemon da za a fitar waje kuwa yana fuskantar dokoki biyu masu jan juna, wato kada a ga ƙwaro kuma kada a ga ragowar magani, kuma rubutaccen bincike tare da kiyaye kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka shi ne kaɗai ke biyan buƙatun biyu. Shawarata ita ce a ɗauki bincike a matsayin ginshiƙi a kowace gona, a keɓe jadawali ga abubuwa biyu da ba sa jira, wato tagulla a lokacin haɗari da kuma silid a inda HLB take. Wanda ba shi da mai bincike tukuna ya fara da horar da mutum ɗaya da rubuta abin da ake gani ko da yana kan jadawali, domin rubutun shekara ɗaya zai nuna masa feshin da zai iya cirewa ba tare da fargaba ba.

Ga wanda bai dasa ba kuwa, mafi nauyin shawararsa tana gabansa, kuma babu feshin da zai gyara ta idan ya kuskure. Gindin da aka yi wa bishiya aure a kansa shi ke yanke hukunci a kan cututtuka da dama. Manoman ƙarni na 19 sun rungumi gindin lemo mai ɗaci saboda yana jure wa cutar zubar ƙaro da ruɓewar saiwa, sai cutar tiristeza da darɓa ke yaɗawa ta zo ta kashe miliyoyin bishiyoyin da ke kansa a Ajantina da Burazil daga shekarun 1930, da kuma Sifen daga 1957. Burazil ta koma kan gindin wani nau'in lemo da ake kira Rangpur, sai wata cuta mai kashe bishiya farat ɗaya ta bayyana a kansa a 1999. Saboda haka babbar gona ta fi aminci idan aka raba ta tsakanin gindi biyu ko uku da suka dace da ƙasarta, aka sayi dashen daga gidan reno mai raga wanda ke da shaidar gwajin cututtuka, aka dasa shi a kan kunya mai tsane ruwa, mahaɗar auren tana sama da ƙasa sosai, kuma aka tsara ban ruwa ta yadda ba zai riƙa jiƙa gangar bishiyar ba.